Rabin Rumbun Gidan Alhaji Maharazu

An sace faifai ɗaya daga rumbun gidan marigayi Alhaji Maharazu, washegarin sunan jikansa, gida cike da baƙi.

Ba rumbun gero ba ne. Wani baƙin akwati ne da bai kai girman tukunyar miya ba, wanda Abdulaziz, babban ɗan marigayin, ya sayo a Sakkwato ya ajiye a turakar mahaifinsa. Mutanen gida ne suka sa masa suna rumbu. Faifai biyu ne a cikinsa, irin na kwamfuta, kowane da aljihunsa kamar na durowa. An haɗa shi da intanet ɗin gidan, duk ɗan dangi mai waya yana iya buɗe abin da ke ciki: hotunan aure, bidiyon tafiya Makka, da saƙonnin kaset da Inna, mahaifiyar Alhaji, take aikawa tsakanin Illela da Ƙonni ta Nijar tun ba a san wayar hannu ba. Kaset ɗin na asali gara ta cinye su a sito bayan an kwafe. Abin da ke cikin akwatin shi kaɗai ya rage.

Da hantsi Abdulaziz ya dawo daga rakiyar baƙi, ya ji akwatin yana kuka yana ƙyafta jar wuta. Ya duba, aljihu ɗaya fayau. Kafin ya gama salati maganar ta kai bakin titi. Wasu suka ce Bashar mai gyaran sola ne, don an gan shi da tsani. Wasu suka ce Muhyiddeen ne, ƙanen Abdulaziz, wanda kowa ya san ba ya ƙaunar akwatin. Masu tsoron Allah kaɗan suka ce a kira Yari.

Yari mai bin sawu ne, ko kuma a ce ya taɓa zama. A zamaninsa ya bi raƙuman sata daga Gidan Katta har bayan Ƙonni, ya dawo da su da ɓarayin a ɗaure. Yanzu gari duk kwalta da siminti da babura, ƙasa ta daina magana, aikinsa na ƙarshe ragon layya ne da ya tsinke igiya. Taubashin marigayi ne, Inna goggonsa ce, a hannunta ya tashi a Kalmalo. Da aka gaya masa abin da aka ɗauka, bai tsaya neman hula ba.

*

Ya tarar da Abdulaziz zaune a gaban akwatin, ya kashe shi, ya dafe kai.

"Baba Yari, sun gama da ni."

"Ba ka mutu ba. Mi anka ɗauka?"

"Faifai guda. Ɗayan na nan."

"To ai da sauƙi. Na ji an ce tagwaye na, abin da ke cikin wanga shi ke cikin wancan."

Abdulaziz ya girgiza kai. "Haka munka fara. Da hwarko kowane kwafin ɗan'uwanshi ne, in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Amma in an yi haka rabin wuri kaɗai ake samu. Da kaya sunka yi yawa na tara 'yan'uwa, na ce a zaɓa: ko a rage bidiyo a zauna lahiya, ko a haɗe faifan biyu su zama babba guda. Baba, wa zai yarda a cire bikinshi? Kowa yac ce a haɗe. Na haɗe. Yanzu kowace murya rabinta na nan, rabinta na can. Guda ba ya aiki sai da ɗan'uwanshi."

"In an maido shi hwa?"

"In ya dawo yadda ya hita, komi zai dawo. Amma duk wanda ya jona shi da kwamfuta, za ta ce mashi babu komi a ciki, a goge. In ya danna, shi ke nan. Inna ta sake mutuwa."

Yari bai san kwamfuta ba, amma wannan ya gane shi sarai. Saniyar sata ce, ana tsere da mahauci.

Ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba, don tun rasuwar Alhaji ba a kulle turakar. Ya duba tsakar gida, siminti ne malale, ƙafafun 'yan suna sun tattake shi. Gaban turakar kaɗai aka bari da yashi, domin marigayi ya ce shi ba ya alwala a kan siminti kamar ɗan fursuna. Yashin a share yake tas. Yari ya yi tsaki, ya ce a ransa mata sun riga shi, ya wuce.

*

Bashar mai sola yana zaure, samarin unguwa sun kewaye shi, an yage masa aljihun riga, leɓensa ya fashe.

"Baba, wallahi kwanon rufi na hau, na wanke farantan sola don kada wuta ta ɗauke ranar suna. Ban shiga ɗaki ba."

"Ga sawun tsaninshi nan ƙarƙashin taga!" in ji wani saurayi.

"Kai ka bi sawun, ko ni anka kira?"

Yari ya zagaya lungun bayan turakar ya durƙusa. Ramukan ƙafar tsani suna nan, da sawun takalmin Bashar mai kaurin gindi. Amma cikin kowane sawu akwai ɗigo-ɗigon yayyafin da aka yi jiya da la'asar, lokacin da ake rabon naman suna. Sawu ya riga ruwa. Kuma bayan ruwan ai an kunna wa baƙi muryar Inna a talabijin, kowa ya ji. Ƙarfen tagar ma gizo-gizo ya yi saƙa a kansa, ba a taɓa ta ba.

Ya dawo zaure. "Ku sake shi."

"Baba, ka tabbata?"

"Na tabbata ubanka bai koya maka tambaya kahin duka ba."

Bashar ya goge jini da gefen riga. "Ni da na san kan kaya, in sata zan yi ai batir zan ɗauka. Faifai guda mi zai yi mani?"

Yari ya riƙe wannan maganar. Wanda ya san akwatin zai ɗauke shi gaba ɗaya, hannu ɗaya ya isa. Wanda ya ɗauki rabi, ko mugu ne da ke son ɓarna, ko wanda bai san abin da ya yi ba.

*

Muhyiddeen yana wanke babur a ƙofar gida. An gan shi ya fita bayan asuba da buhu a baya.

"Ina ka tahi da sassahe?"

"Kalmalo. Kifi na sawo ma mai jego. Ko shi ma laihi ne?"

"An ce ka so a sayar da akwatin."

"Awo, na ce, kuma zan ƙara hwaɗi. Na ce a bar shi tagwaye, a sayi wani faifai a kwafe a kai Ƙonni wurin Goggo Hindatu, in gobara ta tashi nan akwai can. Yaya yac ce sai bayan girbi. Girbi nawa anka yi? Sai nac ce to a sayar da banza, tunda kwando ne muke tara ruwa a ciki. Amma ni ba na sace kakata."

Yari ya tsuguna ya ƙwaƙulo laka daga tayar babur ɗin, ya murza ya shinshina. Baƙar laka ce mai danƙo da warin tafki, babu irinta a cikin Illela. Ya san ta, ta tafkin Kalmalo ce. A cikinta ya koyi sawu, yana bin ƙafar balbela da ta jakuna, shi da Maharazu da Hindatu ƙanwar Maharazu, Inna tana bakin ruwa tana wanki tana ƙwala musu kira. A lokacin ba wanda ya san inda iyaka take. Mutum ya karya kumallo a Illela, ya ci kasuwar Ƙonni, ya dawo ya yi la'asar a gida, ba wanda ya tambaye shi takarda.

Ya share hannunsa a bango. "Gama wankinka," ya ce.

*

Rana ta kusa tsaka, ba shi da kowa a hannu. Ya koma ya zauna a dakalin turakar, yana kallon yashin da ya wuce ɗazu. Sai abin ya dame shi. Tsakar gida duk ƙashi ne da ledar ruwa da ɓawon goro, ba wanda ya share. Me ya sa aka share nan kaɗai?

Ya aika a tambayi mata. Shahida, matar Abdulaziz, jego take, ba ta taɓa tsintsiya. Sauran duk suka ce ba su ba ne, shara sai baƙi sun ragu.

Yari ya kwanta rub da ciki a gefen yashin, kamar yadda yake yi a daji in sawu ya yi wuya. Tsintsiya ma tana da sawu, mutane ne ba su kula ba. Mai sharar daga bakin ƙofa ya fara, yana ja da baya yana binne ƙafarsa, har ya hau siminti. Kowane jan tsintsiya ya yi baka-baka a jere, an saba, ba hannun namiji ba ne. Kuma mace in tana shara da dama, bakan yana faɗawa hagu. Waɗannan duk dama suka faɗa.

Bahaguwa ce.

Ya daɗe a kwance, ba don bai gama gani ba. A duk zuriyar nan ba a san bahago ba, domin Inna ba ta bari. Ya tuna wata yarinya mai taurin kai da ake ɗaure wa hannun hagu da ɗankwali in an zauna cin tuwo, tana kuka tana zubar da miya. Ta koyi ci da dama, gaisuwa da dama, miƙa abu da dama. Tsintsiya kaɗai Inna ta gaji ta ƙyale ta. Maharazu ya sani, ya mutu. Inna ta sani, ta mutu. Saura shi.

Hajiya Hindatu ta zo suna daga Ƙonni, inda take aure tun tana yarinya. Jiya da aka kunna muryar Inna, ita ce ta rufe fuska da mayafi har aka kashe.

Abin da ya kamata Yari ya yi a fili yake: ya tashi ya same ta nan take. Ya tashi ɗin, ya je ƙofar ɗakin baƙi ya yi sallama. Ɗakin maƙil da mata, har da surukan gidan, dangin Shahida.

"A'a, bawana ne?" in ji Hindatu daga kan katifa, irin wasan taubasai. "An ce yanzu sawun akwati kaka bi. Raƙuma sun ƙare?"

"Sun ƙare, saura tsohuwar taguwa guda da ta ƙi mutuwa."

Mata suka kwashe da dariya.

"Hajiya, ina son magana da ke."

"Kai da ko kuɗin shara ba ka ba ni ba bana? Ka bari sai na sallami baƙina. Bayan la'asar."

Idonta bai yi dariya ba. Yari ya dubi surukan, ya dubi furfurar da ta leƙo daga ɗankwalinta. Ya kasa buɗe baki ya kira ta waje kamar ɓarauniyar kaza. Ya ce to, bayan la'asar. Ya tafi masallaci ya yi azahar, aka kawo masa sauran naman suna ya kasa ci. Ya gaya wa kansa faifan yana cikin jakarta, ba inda za shi.

*

Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gaban turakar. Ya ce 'yan gida kaɗai, sai Bashar, tunda an zubar masa da jini a kan maganar. Maza suka zauna gefe guda, mata gefe guda, Hindatu a kan kujera saboda gwiwa.

"Bashar bai ɗauka ba," in ji Yari. "Muhyiddeen bai ɗauka ba, bakinshi ne kawai ba linzami. Abdulaziz, hwaɗa ma mutane abin da ka hwaɗa mani da sahe. Da ƙarhi, mata su ji."

Abdulaziz ya maimaita. Ya ce faifan ba tagwaye ba ne yanzu, an haɗe su tun shekarar da aka rufe iyaka. Ya ce rabin kowace murya yana cikin wanda aka ɗauka, kuma in aka goge shi, wanda ya rage ƙarfe ne kawai.

Yari bai kalli kowa ba, yashi yake kallo. "Wanda ya shiga ya share sawunshi da tsintsiya. Da hannun hagu ya yi sharar. Ni iyakar abin da ƙasa ta gaya mani ke nan."

Matasa suka dubi juna. Wani ya ce ai babu bahago a gidan nan.

"Abdulaziz." Muryar Hindatu ce. "Sake hwaɗi. Ba kai ka ce mani tagwaye na ba? Ranar da ka aiko a karɓi kaset ɗina, ba haka kac ce ba?"

"Goggo, a lokacin haka ne. Daga baya munka sake."

"Kunka sake. Wa ya gaya mani?"

Ranar da aka yi wancan zama iyaka a rufe take, ita tana can, kuma ba wanda ya ga dalilin kiran tsohuwa a kan maganar kwamfuta.

"Uwata ce," ta ce. "Rabin kaset ɗin nan nawa ne, ni Inna ta aiko ma su, da sunana take buɗe baki. Na ba ku amana kunka bar ma gara. Kunka ce in saurara a waya. Wace waya? Can ƙauyenmu sai an hau tudu ake samun layi, ni da gwiwar ga. Maharazu ya rasu ban samu ganin gawarshi ba. Da anka raba kayan Inna dauri, zane biyu ne, ya ɗauki guda na ɗauki guda, ba mu kira malami ba. Shekaranjiya na ga ka ciro su kana hure ƙura, na ga yadda ake dannawa. Nac ce biyu ne, iri guda, na ɗauki nawa. Na share ƙofa don kada a yi ta surutu kahin in tahi, in na isa gida in kira in hwaɗa. Sai na ji ana ihun ɓarawo, ga surukai." Ta juya wajen Bashar. "Ɗana, ka yahe mani bakinka."

Abdulaziz ya riga ya durƙusa a gabanta. "Goggo, ba komi, wallahi ba komi. Kawo shi kawai. Yana jaka?"

Ta kawar da kai.

"Goggo, ina yake?"

"Na ba Uzair direba da sahe, da zai wuce da albasa. Nac ce ya kai ma mai tura waƙoƙi na bakin kasuwar Ƙonni, ya juye mani a ɗan katin da nike sa ma rediyo."

Muhyiddeen ya riga kowa ciro waya. Layi ya ƙi shiga, ya shiga ya yanke, ya sake shiga. Uzair ya ɗauka cikin hayaniyar kasuwa, ya ce ga shi ma a shagon, ya miƙa wa mai shagon. Muhyiddeen ya buɗe muryar wayar kowa ya ji mai shagon.

"Faifan Hajiya? Ai wanda ya ba ta ya cuce ta, babu komi a ciki. Na jona, inji yac ce sai an wanke shi. Na wanke shi tas, na cika mata shi da wa'azi da waƙoƙin dauri, kada ta ji ba daɗi. Ko sefa ban karɓa ba."

"Yaushe ka wanke?" Yari ne ya tambaya, bai san ya yi magana ba.

"Layin mutane ya yi yawa da sahe. Sai da na dawo sallar azahar."

Yari ya zauna a kan yashin. Lokacin da yake tsaye a ƙofar ɗakin baƙi yana wasan taubasai, Inna tana nan da rai a kan teburin wani shago, kira ɗaya ya isa. Hindatu ta dube shi, ya dube ta. Ba wanda ya gane kallon sai su biyu.

*

An dawo da faifan washegari. Abdulaziz ya kai shi Sakkwato, daga can aka tura shi Kano. Masu gyara suka tono 'yan hotuna, wasu rabin fuska, wasu kai babu jiki. Na waya da ke hannun 'yan'uwa aka tattara, bikin wannan da sunan wancan. Murya ko ɗaya ba ta dawo ba, don ba wanda ya taɓa tunanin sauke ta a wayarsa, tunda tana rumbu.

Iyayen samarin unguwa suka je gidan su Bashar ba da haƙuri. Abdulaziz ya sayi sababbin faifai ya mayar da su tagwaye, ya ƙara da na uku da za a riƙa kaiwa Ƙonni, bai jira girbi ba. Yari ya ce kada a sake kiransa bin sawu, ko na akuya ne.

Ranar da Hindatu za ta koma, Abdulaziz ya zo da waya ya zauna a gabanta. Ya ce ita ta fi kowa sauraron kaset ɗin nan, ta san su da ka, ta faɗi abin da Inna take cewa a ɗauka a ajiye, ko yara za su ji. Yari yana zaune a dakali.

Ta gyara mayafi. Ta fara daidai, da sallamar da Inna take buɗe kowane saƙo da ita, da tambayar gero da ruwan bana, da faɗan da take yi mata a kan yaye yaro da wuri. Kalma ba ta ɓace mata ba. Tana cikin haka ta tsaya.

"Ba haka take hwaɗinshi ba," ta ce. Ta sake farawa, ta ɗaga murya, ta sauke, ta ja ƙarshen sunanta yadda take zaton Inna na ja. Ta sake tsayawa. "Yari, yaya take kirana? Kai ka ji ta. Yaya take yi?"

Yari ya buɗe baki, ya lalubi muryar a kansa, ya tarar da ta Hindatu ce kawai a wurin. Ya sunkuyar da kai.

"Kashe abin nan," ta ce wa Abdulaziz.

Uzair ya ɗauki jakarta ya sa a mota. Faifan da ta ƙetarar yana ciki, Abdulaziz ya ce ta tafi da shi, nata ne. Ta isa Ƙonni da rabonta cike da waƙoƙin mutanen da ba ta sani ba, kuma har yau ba ta bari an kunna mata shi ba.